Wanda ya tona shi ake cewa ya ba da haƙuri

A watan Yulin 2016 wata rigima ta ɓarke a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma biyu daga cikin waɗanda ke tsakiyarta maƙwabtan juna ne a kudancin Kano. Abdulmumin Jibrin, mutumin Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, mai wakiltar Kiru da Bebeji, ya rabu da kujerarsa ta shugaban kwamitin kasafin kuɗi. Kwanaki kaɗan bayan haka ya fara fitowa yana zargin shugabannin majalisar da cushe a kasafin kuɗin 2016. Ya ambaci Kakaki Yakubu Dogara, da mataimakinsa Yusuf Lasun, da shugaban marasa rinjaye Leo Ogor, da kuma bulaliyar majalisa Alhassan Ado Doguwa, mai wakiltar Tudun Wada da Doguwa. Ya ce sun nemi su ware wa kansu naira biliyan 40 daga cikin biliyan 100 na ayyukan mazaɓu. Dukkansu sun musanta, su ma suka mayar masa da zargi, kuma babu kotun da ta kama su da laifi a kan wannan magana.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada ya faɗa dajin Falgore ya san mazaɓun nan biyu kusan gida ɗaya ne. Ana cin kasuwa tare, ana auratayya. Jam'iyyar mutanen biyu ma ɗaya ce a lokacin, wato APC, kuma Jibrin na cikin manyan waɗanda suka tsaya wa Dogara har ya zama kakaki a 2015. Saboda haka ba baƙo ne ya yi wannan tonon silili ba, ɗan gida ne.

Ranar 28 ga Satumban 2016 majalisa ta dakatar da shi na kwanakin zama 180, ta kuma gindaya masa sharaɗin ya rubuto takardar neman afuwa kafin ya dawo. Bai koma ba sai a watan Maris na 2018, bayan Dogara ya sanar cewa takardar ta iso. A watan Mayun wannan shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka, ta ba da umarnin a biya shi haƙƙoƙinsa. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe ga mutanen Kiru da Bebeji, domin sun yi kusan shekara ɗaya da rabi ba su da mai magana da yawunsu a majalisa.

Ban kawo wannan labari don in raba gardama tsakanin 'yan siyasa ba. Na kawo shi ne saboda yadda aka jera al'amarin: wanda ya yi magana shi aka tuhuma, shi aka kora, shi aka ce ya ba da haƙuri. Jibrin dai yana da lauyoyi da 'yan jarida, kuma ya sake cin zaɓe daga baya. Wanda ya fi damuna shi ne ƙaramin ma'aikaci da ba a buƙatar kowa ya ce masa ya ba da haƙuri, domin zuciyarsa ta riga kowa yanke masa hukunci.

Ka ɗauki mai kula da littafin magani a wani asibitin karkara, ko akawu a injin casar shinkafa, ko yaron gidan mai a bakin titi. Ya lura lissafi ba ya haɗuwa. Ya yi shiru wata ɗaya, wata biyu. Ranar da shugaba ya tambaye shi kai tsaye sai ya faɗi abin da ya gani, aka bincika, aka tabbatar, aka sallami abokin aikinsa. Daga nan barci ya ƙaurace masa. A birni wataƙila ba za su sake haɗuwa ba, amma a gari kamar Kiru ko Doguwa sahu ɗaya za su tsaya a masallaci, matansu za su haɗu a gidan suna, 'ya'yansu suna Islamiyya ɗaya. Zai ji ana cewa "ya raba bawan Allah da abincinsa." Wani zai tare shi ya ce, "Kuɗin na ubanka ne?" Wani dattijo kuma zai yi masa nasiha a hankali cewa mai rufa asirin wani Allah zai rufa nasa. Ba a jima ba sai ya fara ganin kansa a matsayin mai laifi, ɓarawon kuma ya koma wanda aka zalunta.

Babban abin da ke haddasa wannan shi ne wanda aka kora yana da fuska, waɗanda aka cuta kuwa ba su da ita. Ka san sunan matarsa, ka san ɗansa mai ciwon sikila, ka taɓa cin tuwo a zaurensa. Matar da ta zo daga ƙauye da zazzaɓi aka ce mata magani ya ƙare, ba ka san ta ba, kuma ba za ta taɓa sanin cewa maganin nata yana kan kanta a wani kemis ba. Masanin tattalin arziƙin nan na Amurka, Thomas Schelling, ya yi bayanin wannan ɗabi'a tun a 1968: mutum na iya buɗe aljihu saboda mutum ɗaya da aka nuna masa, amma ya yi ko-in-kula da ɗaruruwan da suka zo masa a matsayin adadi. Wannan rauni ne na ɗan'adam, kuma shi ke sa lissafin mai tonawa ya karkace. Yana ƙirga asarar gida ɗaya da ya gani, ya manta da gidajen da ya tsare.

Akwai kuma jan igiya tsakanin kyawawan halaye biyu. A 2013 wasu masana halayyar ɗan'adam uku a Amurka, Adam Waytz da James Dungan da Liane Young, sun nuna cewa ko mutum zai tona ko zai yi shiru ya danganta ne da wanda ya fi rinjaye a ransa tsakanin adalci da riƙon zumunci. Mu kuwa an rene mu a kan duka biyun. An koya mana amana, an kuma koya mana kunya da kara. Duk wanda ya zaɓi ɗaya dole ya ji ciwon ɗayan. Wanda bai ji komai ba ranar da aka kori abokin aikinsa, shi ne ya kamata a yi wa kallon tsoro.

Kuma gaskiya ne, mafi yawan masu irin wannan sata ba 'yan fashi ba ne. Wani masani mai suna Donald Cressey ya zanta da fursunonin da aka ɗaure kan cin amanar dukiya, ya fitar da littafi a 1953. Ya gano abu uku ne ke haɗuwa: matsalar kuɗi da mutum ke jin kunyar faɗa wa kowa, da damar da aikinsa ya ba shi, da kuma uzurin da yake ba kansa, wanda sau da yawa shi ne "aro na yi, zan mayar." Duk wanda ya ga yadda albashin ƙaramar hukuma ke ƙarewa kafin tsakiyar wata ya san wannan uzuri. Fahimtar haka na ƙara tausayi, amma ba ta mayar da kwali ɗaya na magani cikin sito.

A nan ne nake ganin ana yi wa addini gurguwar fahimta. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Safwan ɗan Umayya, wanda ya kwanta a masallaci ya yi matashi da mayafinsa, ɓarawo ya zare. Safwan ya kama shi ya kai shi gaban Annabi (SAW). Da ya ji hukuncin da za a zartar sai hankalinsa ya tashi, ya ce ba haka ya nufa ba, ya bar masa mayafin sadaka. Annabi ya nuna masa cewa lokacin yafiya shi ne kafin a kawo maganar gaban shugaba. Ka ga ashe wannan nadama tsohuwa ce, har sahabi ya ɗanɗana ta, kuma ba a ce masa ya yi zunubi da ya kawo ƙara ba. Amma a lura da wani abu: mayafin na Safwan ne, shi ya sa yake da ikon yafewa tun farko. Maganin asibiti, da takin da aka aiko wa manoma, da shinkafar mai injin da ya ba ka riƙon littafi, ba naka ba ne. Idan ka rufe, ba karamci ka yi ba, kyauta ka yi da kayan wani.

Rufin asirin da aka kwaɗaitar da mu a kansa ya fi shafar laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, ba cutar da ke ci gaba a kan jama'a ba. Imamu Nawawi, a Riyadus Salihin, ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, ciki har da kai kukan zalunci ga mai iko da neman taimako don kawar da ɓarna. Alƙur'ani kuma, a Suratul Baƙara, ya hana ɓoye shaida.

Duk da haka ba kowace damuwa ce za a kore da hujja ba. Wani lokaci zuciya na nuni ne ga wani abu na gaske. Idan mutum ya tona ne don yana hangen kujerar abokin aikinsa, ko ya ƙara gishiri, ko ya baza labarin a majalisar shayi da WhatsApp maimakon ya kai inda ya dace, to akwai abin neman gafara a nan, ko da satar gaskiya ce. Sai kuma abin da ya fi cin rai: ganin an kori mai satar buhu biyu an wulaƙanta shi, alhali wanda ya karkatar da tirela yana zaune a ofis. Labarin matar nan ta ƙabilar Makhzum da ta yi sata, wadda Usama ɗan Zaid ya nemi Annabi ya sassauta mata, gargaɗi ne a kan wannan ɗabi'a ta kyale babba a hukunta ƙarami. Amma wannan laifin masu hukunci ne, bai kamata mai shaida ya ɗauke shi a kansa ba.

Hukumomi sun fi kowa amfana da masu tonawa, kuma su ne suka fi barinsu a rana. Rahoton 2024 na ACFE, ƙungiyar masu binciken zamba da ke Amurka, ya nuna kashi 43 cikin 100 na zambar wurin aiki ta hanyar kwarmato ake gano ta, fiye da rabin masu kwarmaton kuma ma'aikata ne. A nan gida, Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da tsarin kwarmato a Disambar 2016, zamanin Kemi Adeosun, da alkawarin ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na abin da aka ƙwato. Tsari ne na ma'aikata, ba dokar majalisa ba, kuma ya fi maganar lada a kan kariya. Ladan ma da kansa yana ƙara wa mai tonawa nauyi a gari irin namu, domin nan take za a ce sayar da ɗan'uwansa ya yi. A Kano akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci, amma ma'aikacin sito a Riruwai ba zai kai ƙarar katan uku can ba. Wurin shugabansa zai je.

Shugaban kuwa yakan kira wanda ake zargi ya ce masa, "Wane ne ya faɗa mini." Da wannan magana ɗaya ya wanke kansa, ya jefa ƙaramin ma'aikaci cikin gabar da za ta kai har kan 'ya'yansu. Babu abin da ya tilasta masa haka. Idan labari ya zo masa, zai iya barin kwana biyu su wuce, sannan ya sa a ƙirga kayan sito gaba ɗaya, na kowa da kowa, a gaban shaidu, a gwada da littafi. Idan akwai giɓi littafin ne zai nuna, ba sai an kira sunan kowa ba. In da ana yin wannan ƙidaya duk ƙarshen wata, tun giɓin bai wuce katan ɗaya ba za a gan shi, lokacin da cirewa daga albashi da jan kunne za su wadatar, kafin magana ta kai ga kora ko ofishin 'yan sanda.