Manhaja Mai Buɗaɗɗen Tushe da Gina Manhajar Intanet a Gajimare

Kowace na'ura mai ƙwaƙwalwa, tun daga babbar kwamfutar banki har zuwa wayar salula, ba ta iya aikata komai sai an ba ta umarni. Jerin wannan umarni shi ake kira manhaja. Masana sukan rubuta shi da wasu harsuna na musamman, kamar Python da PHP da JavaScript, waɗanda duk wanda ya koye su zai iya karantawa ya gane. Wannan rubutu na farko shi ne tushen manhaja. A yawancin lokuta akan juyar da shi zuwa harshen na'ura, wato jerin sifili da ɗaya, kafin a miƙa wa mai saye. Saboda haka wanda ya sayi manhaja ba tare da tushenta ba, tamkar wanda ya sayi mota ne aka like masa murfin injinta. Zai iya tuƙa ta, amma ranar da ta lalace ba shi da ikon dubawa, balle gyarawa.

Yadda Fafutukar Ta Faro

A shekarun farko na kimiyyar kwamfuta, masu bincike a jami'o'i sun saba musayar tushen manhaja a tsakaninsu. Da kasuwa ta buɗe, sai kamfanoni suka fara ɓoye tushen suna sayar da lasisi. Wajen shekarar 1980, wani masani mai suna Richard Stallman, wanda ke aiki a cibiyar MIT ta Amurka, ya so ya gyara manhajar wata na'urar buga takardu da ke yawan maƙale wa ma'aikata takarda. Da ya nemi tushen sai aka hana shi, domin wanda ke riƙe da shi ya riga ya sa hannu a yarjejeniyar ɓoye sirri. Wannan abu ya tsaya masa a rai. A 1983 ya shelanta shirin GNU, da nufin samar da cikakken tsarin sarrafa kwamfuta wanda kowa ke da iko a kansa. A 1985 ya kafa gidauniyar Free Software Foundation, sannan a 1989 aka fitar da lasisin GPL.

Manufar wannan tafiya ta ginu a kan 'yanci huɗu: 'yancin amfani da manhaja a kowace irin buƙata, da 'yancin nazarin tushenta a sauya shi, da 'yancin raba ta ga wasu, da kuma 'yancin raba wadda aka gyara. Hikimar lasisin GPL ita ce sharaɗin da ya gindaya cewa duk wanda ya gyara manhajar ya kuma rarraba ta, dole ne ya saki tushen gyaransa bisa waɗannan ƙa'idoji. Ya kamata a lura cewa 'yanci ake nufi a nan, domin lasisin bai hana kowa sayar da manhajar ko karɓar ladan gyaranta ba.

A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, yana ɗan shekara 21, ya fara rubuta Linux, wato zuciyar tsarin da ke raba aiki tsakanin manhajoji da sassan na'ura. A 1992 ya sanya ta ƙarƙashin GPL, masana daga ƙasashe daban-daban kuwa suka yi mata gayya, kowa yana kawo gyaran da ya iya. Ranar 30 ga Afrilu 1993, cibiyar binciken CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa ta saki fasahar shafukan intanet, wadda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro, ga duniya baki ɗaya ba tare da neman ko kwabo ba. A 1998 kamfanin Netscape ya saki tushen burauzarsa, kuma a shekarar ce aka fara yayata lakabin buɗaɗɗen tushe. Masu wannan lakabi sun fi ba da ƙarfi ga ingancin aiki, suna cewa idan idanu suka yi yawa a kan rubutu, kuskure ba ya samun maɓoya. Su kuwa mabiya Stallman, batun haƙƙin mai amfani da na'ura ne a gabansu.

A yau tsarin Android na wayoyin salula a kan Linux aka gina shi, kuma tun daga Nuwamba 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki. Wikipedia ta Hausa ma a kan MediaWiki take tafiya, wadda ita ma buɗaɗɗiyar manhaja ce.

Mece Ce Manhajar Intanet?

Manhajar intanet ita ce wadda ake amfani da ita ta cikin burauza ba tare da an girka ta a na'ura ba. Alal misali, a ɗauki makarantar sakandare da ke son iyaye su riƙa duba sakamakon jarrabawar 'ya'yansu ta waya. Aikin yana da sassa uku. Na farko shi ne fuskar da uba zai gani, wadda ake tsarawa da HTML da CSS da JavaScript. Na biyu shi ne uwar garke, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana tana jiran buƙatu. Na uku shi ne rumbun bayanai, kamar PostgreSQL, inda aka jera sunayen ɗalibai da makinsu. Idan uba ya shigar da lambar ɗansa, burauza za ta aika buƙata ga uwar garke, ita kuma ta tabbatar da kalmar sirri, ta ɗebo makin daga rumbu, ta mayar masa da amsa cikin ƙiftawar ido. Kowane ɗaya daga cikin sassan nan ana iya gina shi da buɗaɗɗun kayan aiki.

Gini a Cikin Gajimare

A da, mai son irin wannan aiki sai ya mallaki kwamfuta mai ƙarfi, ya shafe kwanaki yana girka kayan aiki, sannan ya tanadi uwar garke da wutar lantarki mara yankewa. Abin ya fara sauyawa a 2006, lokacin da kamfanin Amazon ya soma ba da hayar ƙarfin kwamfutocinsa ta intanet. Wannan tsari shi ake kira gajimare, amma a zahiri manya-manyan gine-gine ne a doron ƙasa, cike da dubban kwamfutoci da na'urorin sanyaya su. Akan yi amfani da manhaja a yanka kwamfuta guda zuwa ƙananan kwamfutoci na kwaikwayo, kamar yadda ake yanka babban gida zuwa ɗakunan haya, kowa da makullinsa.

Daga nan sai dandalin gina manhaja suka biyo baya, irin su Replit da GitHub Codespaces. Ɗalibi zai buɗe burauza ya tarar da wurin rubutu da kayan gwaji a shirye. Abin da ya rubuta can cikin cibiyar yake aiki, na'urarsa kuwa nuna masa sakamako kawai take yi, don haka ko tsohuwar kwamfutar ɗakin gwaje-gwajen makaranta ta wadatar. Idan wuta ta ɗauke, aikin da ya adana yana nan. Haka kuma ɗalibai da yawa suna iya haɗuwa a kan aiki ɗaya ta hanyar Git, wata manhaja da Torvalds ya rubuta a 2005, wadda ke adana tarihin kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. A kanta aka kafa dandalin GitHub a 2008, wanda Microsoft ya saya a 2018 a kan dala biliyan 7.5.

Inda Gizo Ke Saƙa

Sai dai masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Kamfanin Heroku, wanda ɗimbin masu koyo suka dogara da shi, ya soke tsarinsa na kyauta a Nuwamba 2022. Dandalin Glitch kuma ya daina ɗaukar nauyin manhajojin jama'a a Yuli 2025. Waɗanda suka gina aikinsu da buɗaɗɗun kayan aiki, suka kuma ajiye kwafinsa a hannunsu, sun kwashe kayansu sun koma wani gida cikin sauƙi. Waɗanda suka jingina da wata fasaha ta kamfani guda, sai da suka sake gini.

Akwai kuma matsalar lasisi. Sharaɗin GPL yana hawa kan wanda ya rarraba manhaja ne. Kamfanin da ya gyara ta ya ajiye a uwar garkensa, jama'a suna amfani da ita daga nesa, bai rarraba komai ba, don haka babu tilas a kansa ya saki gyaran. Domin toshe wannan kafa aka fitar da lasisin AGPL a 2007, wanda ya wajabta ba masu amfani ta intanet damar samun tushen.

Ita kanta gayyar tana da rauninta. A Afrilu 2014 aka gano wani kuskure da aka yi wa laƙabi da Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin saƙonni a shafuka masu ɗimbin yawa. Sai ga shi mutane ƙalilan ne ke kula da ita, da kuɗi kaɗan. Buɗe tushe yana ba da damar dubawa, amma sai an sami masu duban.

Abin Lura ga Malamai da Ɗalibai

Malamin da zai koyar da wannan fanni zai kyauta idan ya zaɓi harsuna da rumbunan bayanai masu buɗaɗɗen tushe, ya kuma saba wa ɗalibansa da sauke cikakken kwafin aikinsu ta Git a ƙarshen kowane mako. Ya wajaba a karanta lasisi kafin a ari rubutun wani, kuma kada a zuba sunaye da makin ɗalibai na gaskiya a dandalin gwaji. Ɗalibin da hannunsa bai faɗa ba tukuna yana iya soma ba da gudummawa ta fassara manhaja zuwa Hausa, ko ya kai rahoto idan haruffan ɓ da ɗ da ƙ ba su fita daidai ba. Da yawa daga cikin ƙwararrun masu rubuta manhaja ta irin waɗannan ƙananan gyare-gyare suka fara, suna karanta rubutun magabatansu har suka iya nasu.