Yadda Ɗaliban Lauya Ke Ƙera Manhajojin Taimaka Wa Marasa Galihu A Kotu

A cikin shekaru goma sha da suka wuce, wasu tsangayoyin koyon aikin lauya a Amurka da Ostireliya sun shigo da wani sabon darasi, inda ake koya wa ɗalibai yadda za su ƙera manhaja, wato tsarin aiki da ake ɗora wa kwamfuta ko wayar salula, domin taimaka wa mutanen da ba su da ƙarfin ɗaukar lauya. Dalilin haka shi ne an lura cewa jama'a da yawa na faɗuwa a kotu tun kafin a saurare su, saboda ba su san takardar da za su cika ba, ko kuma wa'adin da doka ta ba su ya ƙare ba su sani ba.

Shari'ar bashi ita ce ta fi fito da wannan matsala fili. Wani rahoto da gidauniyar Pew ta fitar a shekarar 2020 ya nuna cewa ƙararrakin neman biyan bashi a kotunan jihohin Amurka sun tashi daga ƙasa da miliyan 1.7 a 1993 zuwa kimanin miliyan 4 a 2013. Rahoton ya ce waɗanda ke da lauya cikin mutanen da ake ƙara ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, sa'annan a wuraren da aka sami alƙaluma, fiye da kashi 70 cikin 100 na irin waɗannan ƙararraki ana yanke su ne a bayan idon wanda ake ƙara, domin bai mayar da amsa ba.

Da yawa daga masu shigar da ƙarar ba su ne suka ba da bashin tun asali ba. Kamfanoni ne da ke sayen tsofaffin basussuka daga bankuna da araha, su nemi a biya su cikakken kuɗin. Hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta gano a 2013 cewa a matsakaicin lissafi suna sayen bashin Dala ɗaya a kan santi huɗu. Da zarar kotu ta ba su gaskiya, suna iya sa a riƙa cire wani kaso na albashin mutum ko a taɓa ajiyarsa ta banki, ko da kuwa ya riga ya biya, ko kuma bashin na wani ne mai suna irin nasa.

Wannan ne ya sa ɗaliban wani aji mai suna LawX a Jami'ar Brigham Young da ke jihar Yuta suka zaɓi shari'ar bashi a matsayin aikinsu a ƙarshen 2017. A jihar, wanda aka kawo wa sammaci yana da kwana 21 ya mayar da amsa a rubuce. Ɗaliban suka ƙera manhaja mai suna SoloSuit, wadda aka ƙaddamar a farkon 2018. Tana yi wa mutum tambayoyi ɗaya bayan ɗaya cikin harshe mai sauƙi: shin ya yarda da abin da mai ƙara ya faɗa, ko ya musanta, ko bai sani ba? Ya taɓa biya? Yaushe aka ci bashin? Daga amsoshin sai ta tsara masa takardar amsa bisa ƙa'idar kotu, ya sa hannu, ya kai wa magatakarda. Mayar da amsa bai hana a kama mutum da bashin da ya ci ba, amma yana tilasta wa mai ƙara ya kawo hujja. Daga baya manhajar ta zama kamfani mai cin gashin kansa, ta bazu zuwa sauran jihohi, inda ake biyan kuɗi idan ana son kamfanin ya shigar da takardar ko lauya ya duba ta.

Ba Jami'ar Brigham Young ce ta fara ba. Tun a 2012 Jami'ar Georgetown da ke birnin Washinton ta fara wata gasa mai suna Iron Tech Lawyer ƙarƙashin jagorancin Farfesa Tanina Rostain, inda ake haɗa ɗalibai da ƙungiyoyin agaji, su ƙera masu manhajar da za ta rage masu aiki, sa'annan alƙalan gasa su zaɓi gwani. Jami'ar Melbourne a Ostireliya ta fara irin wannan darasi a 2015, daga bisani Jami'ar Fasaha ta Sidni ta haɗa gwiwa da kamfanin lauyoyi na Allens da kamfanin manhaja na Neota Logic don shirya tata gasar. Ɗaliban ba sai sun ƙware a ilmin kwamfuta ba. Aikinsu shi ne su warware dokar zuwa jerin tambayoyi, ta yadda kowace amsa za ta kai ga tambaya ta gaba har a isa ga shawara ko takarda.

Amfanin wannan aiki ya ƙara bayyana a 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe ƙofofin kotuna. Malamai da ɗaliban Jami'ar Suffolk a birnin Boston, tare da 'yan sa kai, suka mayar da takardun kotun jihar zuwa tambayoyin da ake amsawa ta wayar salula, ciki har da na neman kariya daga cin zarafi a gida da na rikicin mai gida da ɗan haya.

Jami'o'in kan danganta aikin da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, musamman na 16, wanda ya ƙunshi samar wa kowa hanyar samun adalci. Ƙungiyar World Justice Project ta ƙiyasta a 2019 cewa mutum biliyan 5.1 a duniya ba su samun biyan buƙatarsu ta shari'a, adadin da lauyoyi kaɗai ba za su iya ɗauka ba.

Sai dai kuma akwai iyaka. Manhaja na aiki ne a kan matsala guda mai tsayayyar ƙa'ida, kuma idan doka ta sauya alhali ɗaliban sun gama karatu sun watse, sai ta riƙa ba da amsar da ta tsufa. Bugu da ƙari, dokokin ƙasashe da dama sun keɓe ba da shawarar shari'a ga lauyoyi masu lasisi. A 2024 hukumar cinikayya ta Amurka ta tuhumi kamfanin DoNotPay da yin tallar manhajarsa tamkar za ta maye gurbin lauya ba tare da hujja ba, kamfanin kuwa ya amince ya biya Dala 193,000.

A nan Nijeriya akwai inda wannan dabara za ta iya yin amfani ga 'yan kasuwa. Jihar Legas ta kafa kotunan ƙananan basussuka a 2018, Kano ta bi sahu a 2019, inda a lokacin aka ƙayyade ƙarar da ba ta wuce Naira miliyan 5 ba, kuma ƙa'idar Legas ta tanadi a gama shari'a cikin kwana 60. A waɗannan kotuna mutum na iya tsayawa da kansa, kuma aikin ya dogara ne a kan cika fom, tun daga takardar neman biya har zuwa ta shigar da ƙara. Har ila yau jami'o'in ƙasar nan da dama na da ofisoshin da ɗaliban lauya ke ba da agaji kyauta, waɗanda ƙungiyar NULAI, da aka kafa a 2003, ta taimaka wajen yaɗawa.

Saboda haka kotun da fom ɗin da ɗaliban duk suna nan. Manhajar da za ta yi wa ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Mile 12 tambayoyi da Hausa, ta fitar masa da fom da Turancin kotu, za ta buƙaci lauya mai lasisi ya riƙa duba ta, da kiyaye sirrin jama'a bisa dokar kare bayanai ta 2023, da kuma wanda zai ɗauki nauyin gyara ta duk lokacin da ƙa'idar kotu ta sauya. Ɗan kasuwar da aka kawo wa sammaci kuwa, abin da ya fi masa muhimmanci shi ne ya duba ranar da wa'adi zai cika, ya mayar da amsa a rubuce kafin ta zo.