Hasken da Ido Ba Ya Gani da Asirin Fenisilin

Masu karatu sun san allurar fenisilin, amma kaɗan ne suka ji labarin gardamar da masana suka sha kafin su gane ƙirarta. Cikin abubuwan da suka raba gardamar kuwa har da wani haske wanda ido ba ya gani.

A shekarar 1800 William Herschel, masanin taurari a Ingila, ya raba hasken rana da gilashi har ya zama kamar bakan gizo, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da ja, inda babu launi. Sai ma'auni ya hau. Wannan shi ne hasken infirared.

Ga yadda ake moronsa. Kowane magani ƙwayoyin zarra ne ɗaure da juna, kowane ɗauri kuwa yana kaɗawa kamar tsirkiyar molo, wadda aka ɗame sautinta ya fi tashi. In aka haska magani, ɗaurin yakan shanye hasken da ya dace da kaɗawarsa, na'ura ta zana gurbin a takarda. Ana ƙidaya da yawan igiyoyin haske cikin santimita guda. Oksijin da haidurojin, irin na ruwa da barasa, sukan bar faffaɗan gurbi wajen 3300. Kabon da oksijin masu ɗauri biyu sukan bar mai zurfi wajen 1700. Watau kowane rukuni da shaidarsa.

To, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Robert Robinson na Jami'ar Okusfod ya ce akwai wani zobe mai zarra biyar a fenisilin. Edward Abraham da Ernst Chain suka ce a'a, huɗu ne. Robinson babban malami ne, ja da shi ba wasa ba. Da aka haska, sai gurbin kabon da oksijin ya faɗo wajen 1770, gama matsattsen zobe yakan ɗame tsirkiyar. Aka gwada shi da zobban da masana suka harhaɗa da kansu, ya fi kama da mai huɗu. A 1945 Dorothy Hodgkin ta tabbatar da haka da hoton eksire.

Wannan ƙaramin zobe shi ne ƙarfin maganin. Danshi da zafi sukan tsinka shi, haka ma waɗansu ƙwayoyin cuta. In ya tsinke, garin yana iya zama fari fat cikin kwalba kamar na kirki, amma a takardar na'ura gurbin 1770 ya ɓace.