Al'adun Su a Gaɓar Tafkin Kainji

Kifin da ake sayarwa a kasuwar Kontagora, musamman busasshe, da yawansa daga yamma yake fitowa, daga ƙauyukan masunta na gaɓar Tafkin Kainji, wajen Auna da Malale har zuwa Yawuri. Sarkawa ne suka fi shahara da wannan sana'a, kuma gadonta suka yi. Suna zaune tare da Gungawa da Kambari, waɗanda ke haɗa kamun kifi da noma.

A al'adance ruwa yana da mai shi. Sarkin Ruwa ne ke karɓar baƙon masunci, ya nuna masa inda zai jefa birgi, ya raba gardama idan komar wani ta hau ta wani. Babban aikinsa kuwa rufe ruwa. Idan kogi ya cika ya malala fadama, kifi ya shiga haihuwa, akan hana su a wasu gurbabu har ruwa ya janye, ƙananan tarwaɗa da karfasa su yi ƙwari. Ranar buɗewa gari kan fito gaba ɗaya da koma da gora. Wanda ya saci su kafin lokaci tara ce hukuncinsa, ga kuma tsoron iskokin ruwa, wanda a da ya fi tarar tasiri. Kayan aikin ma suna da zaɓi: mamari da zago manyan kifaye suke nema, irin su giwan ruwa.

Mata ke bandar kifi, su ne kuma ke riƙe da yawancin ƙananan cinikin bakin ruwa.

Madatsar Kainji, da aka kammala a 1968, ta sauya wannan tsari. Tsibirai sun nutse, an tashi mutane fiye da 40,000, baƙin masunta suka kwararo. Kamu ya yi yawa a shekarun farko, sannan ya faɗi. Daga baya dala ta bazu, wato doguwar raga mai ƙananan idanu da ake ja daga gaɓa don warangi, amma takan kwashe har 'ya'yan manyan kifaye. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus, tare da cibiyar binciken kifi ta New Bussa, ya sa jihohin Neja da Kebbi suka haramta ta. Abin lura shi ne dokar ba ta kama ba sai inda aka bi ta hannun sarakuna da sarakunan ruwa, kuma da sa ido ya yi sanyi dala ta sake bayyana a wurare da dama.