Makarantar Kasuwanci ta Harvard: Tarihinta, Salon Koyarwarta da Nasarorinta

Gabatarwa

A al'ada, kasuwanci sana'a ce da ake koya a gindin uba ko ubangida, cikin shago da rumfar kasuwa. Shigar da shi zauren jami'a, a jera shi da likitanci da lauyanci, abu ne da bai daɗe ba. A shekarar 1881 aka buɗe Makarantar Wharton a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, sannan a 1908 Jami'ar Harvard ta kafa tata, wadda ita ce ta fara ba da digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wato MBA. Wannan maƙala za ta dubi ita makarantar ta Harvard, domin nuna cewa babbar nasararta tana cikin hanyar da ta ɓullo da ita ta koyar da yanke shawara.

Kafuwa da bunƙasa

Shugaban makarantar na farko shi ne Edwin Gay, masanin tarihin tattalin arziki. A 1919 Wallace Donham ya gaje shi, kuma a zamaninsa ne makarantar ta tsaya da ƙafafunta. A 1922 aka fara buga mujallarta mai suna Harvard Business Review. A 1924 wani attajirin banki, George Baker, ya ba da kyautar dala miliyan 5, aka gina mata mazauninta a birnin Boston, a tsallaken kogin Charles, aka buɗe shi a 1927. Mata kuwa sai a 1963 aka buɗe musu ƙofar cikakken karatun MBA daidai da maza.

Salon koyarwa

Donham lauya ne, ya yi karatu a sashen shari'a na Harvard, inda tun daga 1870 Christopher Langdell ya sa ɗalibai su riƙa nazarin hukunce-hukuncen kotu maimakon haddar ƙa'idoji. Wannan dabara ce Donham ya ɗauko. Sai dai kasuwanci ba shi da kundin hukunci irin na kotu, don haka dole malamai suka shiga kamfanoni suna rubuto matsalolin da suka faru da gaske. Labarin matsala na farko, wanda aka rubuta a 1921, shafi ɗaya ne tak, kan wani kamfanin takalma da ma'aikatansa ke ajiye aiki tun lokacin tashi bai yi ba.

Har yau haka ake yi. Ɗalibi yakan karanta labarin a gida: ga kamfani, ga alƙaluma, ga shugaban da shawara ta rataya a wuyansa. Washegari kimanin ɗalibai 90 su hallara a aji mai siffar kofaton doki, inda kowa ke ganin fuskar kowa. Malami ya kira sunan ɗaya ba tare da sanarwa ba, ya ce, in kai ne, me za ka yi? Daga nan muhawara ta kankama, malami yana jan akalarta da tambayoyi. Kusan rabin makin ɗalibi a darussa da yawa daga abin da ya faɗa a aji yake fitowa, kuma cikin shekara 2 yakan bi ta kan labarai kimanin 500. Hikimar ita ce, shugaba ba ya samun cikakken bayani kafin lokaci ya tilasta masa zaɓi, saboda haka gara a horar da shi a kan hakan tun yana ɗalibi.

Nasarori

Ta fuskar bincike, malaman makarantar sun bar tarihi. Elton Mayo da Fritz Roethlisberger sun yi nazarin ma'aikatan masana'antar Hawthorne da ke kusa da Chicago, suka jawo hankali ga cewa zamantakewar ma'aikata da kulawar da ake ba su suna tasiri a kan yawan aikinsu. A 1979 Michael Porter ya fito da ƙarfafa 5 da ke ƙayyade ribar kowace sana'a: gasar abokan sana'a, barazanar sababbin shiga, kayan da za su iya maye gurbi, ƙarfin masu kawo kaya da ƙarfin masu saye. A 1997 Clayton Christensen ya bayyana yadda ƙaramin sabon abu mai araha ke kayar da manyan kamfanoni tun suna raina shi.

Salon nata kuma ya ƙetare teku. Georges Doriot, Bafaranshe da ya daɗe yana koyarwa a can, yana cikin waɗanda suka kafa INSEAD a Faransa a 1957. Da haɗin gwiwar Harvard aka raya Cibiyar Gudanarwa ta Ahmedabad a Indiya, wadda aka kafa a 1961. Cikin tsofaffin ɗalibanta akwai Michael Bloomberg, tsohon magajin garin New York, da George W. Bush, tsohon shugaban Amurka.

Suka

Kowane allazi da nasa amanu. Henry Mintzberg na Jami'ar McGill a Kanada ya soki wannan salo da cewa yana koya wa matasa yanke hukunci da ƙarfin gwiwa a kan kamfanin da ba su taɓa takawa ba, bayan karatun dare ɗaya. Masu wannan ra'ayi sukan kawo misalin Jeffrey Skilling, wanda ya gama a 1979, ya shugabanci kamfanin Enron da ya durƙushe a 2001, kotu kuma ta same shi da laifin zamba a 2006. Bayan rikicin kuɗi na duniya na 2008, ɗaruruwan ɗaliban da suka gama a 2009 sun sa hannu a wata rantsuwar riƙon amana da suka tsara da kansu.

Kammalawa

Makarantar Harvard ta nuna cewa ana iya koyar da yanke shawara a aji, matuƙar za a kawo matsala ta gaskiya a bar ɗalibi ya yi ta maza da ita a gaban ƴan uwansa. Ba a buƙatar dukiyar Baker kafin a gwada hakan. Abin da ake buƙata shi ne malamin da zai fita ya rubuto matsalolin ƴan kasuwar da ke kewaye da shi, da kuma haƙurin sauraron ɗalibai. Tarihin Enron kuma ya isa tunatarwa cewa fasahar baki a aji ba ta tabbatar da amana a ofis.