Aiki daga Kano, albashi daga Turai: yadda kamfanonin waje ke ɗaukar ma'aikata ba tare da buɗe ofis ba

Matashin da ya iya rubuta manhaja ko tsara shafukan intanet yana iya zama a Kano ko Kaduna ya samu aiki da kamfanin da ke Jamus ko Amurka. A Zoom ake yin intabiyu, takardar yarjejeniya ta imel take zuwa, a sa hannu da yatsa a fuskar waya. Sai ƙarshen wata tambayoyi ke tasowa: wa zai biya albashin, wa zai cire haraji, kuma dokar wace ƙasa ce ke kare ma'aikacin?

Doka tana bin inda ma'aikaci yake zaune

Galibi dokar ƙwadago da ta haraji ta ƙasar da mutum ke aiki a cikinta ce ke hawa kansa, ko da kamfanin yana wata nahiya. A Najeriya, Dokar Fansho ta 2014 ta tanadi cewa mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa kamfani biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga hukumar NSITF. Harajin albashi kuwa ana cire shi tun kafin kuɗin ya shiga asusu, a miƙa wa hukumar harajin jihar da ma'aikacin ke zaune.

Kowace ƙasa da nata tsarin. A Faransa mako na aiki awa 35 ne a doka. A Burazil da Filifin wajibi ne a biya albashin wata na 13. Ƙaramin kamfani mai ma'aikata a ƙasashe goma ba zai iya riƙe duk waɗannan ƙa'idoji shi kaɗai ba.

Inda Deel da Remote suka shigo

Hanyar da aka saba ita ce kamfani ya yi rajistar reshe a ƙasar, a Najeriya ta hannun CAC, ya buɗe asusun banki, ya ɗauki akanta da lauya. Wannan ɗawainiya ta yi yawa idan mutum biyu kawai ake so a ɗauka.

Shi ya sa aka samu kamfanonin da ke ɗaukar nauyin a madadin wasu. Alex Bouaziz da Shuo Wang suna cikin waɗanda suka kafa Deel a 2019. A shekarar ce kuma Job van der Voort da Marcelo Lebre suka kafa Remote. Zaman gida na korona a 2020 ya ƙara musu kasuwa sosai.

Aikinsu iri biyu ne. Idan kamfani yana da reshe a ƙasar, sai ya ba su lissafin albashi kawai, su cire haraji da fansho su tura kuɗi. Idan ba shi da reshe, sai su zama su ne uban gidan ma'aikacin a takarda, tsarin da ake kira EOR. Sunansu ne ke kan yarjejeniya, su ke amsa wa hukuma, amma kamfanin asali ne ke ba da aikin yau da kullum. Kuɗin wannan hidima yakan kai ɗaruruwan daloli a wata kan kowane ma'aikaci.

Ma'aikaci ne ko ɗan kwangila?

Saboda tsadar, kamfanoni da yawa sun fi son ɗaukar matasa a matsayin 'yan kwangila. Manhajar ɗaya ce, kuɗin ma a waya ɗaya ake ganin shigarsa, amma bambancin babba ne. Ɗan kwangila ba shi da fansho daga kamfani, ba shi da hutu mai albashi sai wanda aka rubuta, kuma shi zai kai kansa ofishin haraji. Idan kamfanin na Amurka ne, yawanci zai cike fom ɗin W-8BEN don nuna cewa ba mai biyan haraji a can ba ne. Fom ɗin bai sauke masa harajin gida ba.

Kamfanin ma yana cikin haɗari. Idan shi ke tsara wa mutum lokacin aiki, ya hana shi yi wa wasu aiki, kotu tana iya cewa ma'aikaci ne duk abin da takarda ta kira shi. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa direbobin Uber da suka kai ƙara ba masu zaman kansu ba ne, sun cancanci mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu.

Abin dubawa kafin sa hannu

Duk wanda aka yi wa tayi ya fara duba sunan da ke kan yarjejeniyar da matsayin da aka ba shi. Ya tambayi da wane kuɗi za a biya shi, dala ko naira, da farashin canjin da za a yi amfani da shi, domin nan ne albashi ke zaftarewa ba a lura ba. Idan cikakken ma'aikaci ne, ya riƙa neman takardar albashi kowane wata, ya kuma leƙa asusun fanshonsa ya ga ko kuɗin na shiga. Idan ɗan kwangila ne, ya ware na haraji da na rashin lafiya tun ranar da kuɗi ya faɗo.

Manhajojin gaskiya sukan nemi hoton katin shaida don tantancewa, amma ba sa neman ma'aikaci ya biya kuɗin rajista. Duk wanda ya turo saƙo a WhatsApp ko Telegram yana neman a tura masa wani abu kafin a buɗe asusun albashi, ɗan damfara ne.