Likita a Gida, Mai Jinya a Zango: Yadda Waya ke Riƙe Wanda ke Farfaɗowa daga Ciwon Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya daɗe a zango ya san irin wannan labari, ko a Nima ta Akra ne, ko Briqueterie ta Yawunde, ko unguwar Zongo ta Kwatano. Yaro ne mai hazaƙa, yana tsaron shagon maigidansa, lissafinsa ba ya kuskure. Sai a ga ya daina barci, ya fara surutu shi kaɗai, ko kuma ya yi shiru ya ƙi cin abinci. A yi karo-karo a sa shi a mota a mai da shi gida. A can a kai shi asibiti, a ɗora shi kan magani. Bayan wata biyu ko uku ya dawo hayyacinsa, kowa ya yi hamdala, ya koma bakin nema. Kafin shekara ta zagayo ciwon ya dawo, wani sa'in ma ya fi na farko.

To, me ya faru? Sau da yawa ba maganin ne ya ƙi aiki ba. Ƙarewa ya yi a garin da ba wanda ya san sunansa. Likitan da ya rubuta shi yana can bayan boda biyu, mahaifiyar da ke tuna masa lokacin sha kuma tana gida. Jinyar ƙwaƙwalwa ba irin ta zazzaɓin cizon sauro ba ce da za a sha magani kwana uku a miƙe. Tana son ɗorewa, rayuwar fatauci kuwa yau kana nan gobe kana can. Wannan giɓin ne wayar da ke aljihunka za ta iya cikewa, in an san yadda za a yi da ita.

Ciwo ne, kuma ana samun sauƙi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa. Mafi yawa ba masu yawo a titi ba ne. Masu ciwon damuwa ne da fargaba, waɗanda muke cin kasuwa da su kullum. Akwai kuma matan da suka haihu a baƙon wuri, ba uwa ba inna da za ta kula da wankan jego. Hukumar ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar kan shiga irin wannan hali bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa.

Asibitoci akwai su. A arewacin Najeriya akwai na ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato da Dawanau ta Kano. A Gana akwai na Akra da Pantang da Ankaful. Dokoki ma sun sauya: Gana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, Najeriya kuma ta sa hannu kan tata a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Sai dai likitocin wannan fanni ƙalilan ne, kuma yawancinsu suna manyan birane. Ɗan kasuwar da ke kai-komo tsakanin Maraɗi da Lome ba zai iya bin layin asibiti duk wata a gari ɗaya ba.

Abin da aka gwada a wasu wurare

Batun jinya ta waya ba tatsuniya ba ce. A Lebanon, Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatar lafiyar ƙasar sun gwada wani shiri mai suna Step-by-Step a kan masu ciwon damuwa, har da 'yan gudun hijirar Siriya. Darussa biyar ne a waya, cikin labari mai hotuna, ana koya wa mutum dabarun rage damuwa da komawa harkokinsa. Duk mako wani mataimaki da aka horar, wanda ba likita ba, yakan kira shi ko ya aiko masa saƙo na 'yan mintoci. Sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna waɗanda suka bi shirin sun fi samun sauƙi a kan waɗanda ba su bi ba. Mutane ne da suka bar gida, kamar dai mu.

A Zimbabuwe kuma, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya ɓullo da shirin Friendship Bench, inda aka horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Da annobar korona ta hana haɗuwa, sai aka ci gaba da zaman ta kiran waya da WhatsApp. Haka nan tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da jagoranta na mhGAP manhajar waya, don ma'aikacin ƙaramin asibiti ya iya gane waɗannan cututtuka ya fara kula da su.

Ka lura da abu ɗaya: a duk waɗannan, akwai mutum a ɗaya ɓangaren wayar. Wannan ba sabon ilimi ba ne a wajenmu. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda mai jinya ke zama a cikin gari tare da ɗan'uwansa yana zuwa asibiti karɓar magani. Ya gane cewa mutum ya fi warkewa a tsakiyar nasa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ga wanda ke bayan boda, waya ce ke yi wa ƙafa aikinta.

Abin da iyali za su iya yi tun yau

Na farko, kafin mai jinya ya bar gida, a ɗauki hoton katin asibiti, da takardar likita, da kwalin maganin gaba da baya. Magani ɗaya kan zo da suna daban a Najeriya da Nijar ko Kamaru, amma sunansa na asali da ƙarfinsa suna rubuce a jikin kwalin. Da wannan hoton mai kemis a Duwala zai gane abin da aka rubuta a Kano. A riƙe takardar kanta a jaka, domin wasu magungunan ƙwaƙwalwa jami'an boda kan nemi shaidar likita a kansu.

Na biyu, a saita ƙararrawar waya kan lokacin shan magani, a haɗa shi da abin da ba ya wuce mutum, kamar bayan sallar isha'i. Wata ƙararrawar kuma a sa ta mako guda kafin magani ya ƙare, ko kafin ranar allura ga masu karɓar allurar wata-wata. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa, kuma likitoci kan ce a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. Ranar da mutum ya ce "ai na warke" ita ce ranar da ya fi buƙatar wannan ƙararrawa.

Na uku, a tambayi likita ko nas tun a asibiti ko akwai lambar da za a riƙa tuntuɓa, da lokacin da ya dace a kira. In za a yi kiran bidiyo, a nemi ɗaki mai shiru, ba tsakiyar rumfa ba. Tambayoyi irin su yadda za a sha magani a watan azumi, ko mace mai ciki ko mai shayarwa, likita ne zai amsa su, ba abokin hira ba.

Na huɗu, a ware mutum ɗaya a gida, uwa ko mata ko yaya, mai kira a rana sananna duk mako. Wanda bai iya karatun boko ba, saƙon murya ya wadatar. Kada kiran ya zama tuhuma. A tambayi kasuwa, a ba shi labarin gida, sannan a tambayi barci da abinci. Uwa takan ji sauyi a muryar ɗanta tun kafin maƙwabcinsa ya gani. In saƙonni suka fara shigowa ƙarfe uku na dare, ko magana ta yi sauri fiye da kima, ko ya yi kwanaki bai ɗauka ba, alama ce. A nan ake buƙatar lambar mutum na biyu a zangon, maigida ko abokin ɗaki mai riƙon amana, wanda zai je ya duba da ido.

Na biyar, kuɗin magani. Da MoMo ko Orange Money ko Nita, ana iya tura kuɗi cikin mintoci. In ciwon ya haɗa da shaye-shaye, irin su tiramol da kodin, gara a tura wa amintaccen da zai sayo maganin, kada kuɗin ya bi wata hanya.

Inda wayar ke cutarwa

Wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka yatsa. Rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, kuma ba abin da ke cinye barcin matashi a yau kamar kwana kan TikTok. Mai farfaɗowa ya sa wayar a caji nesa da shimfiɗa idan dare ya yi. Manhajojin caca kuma a goge su baki ɗaya, don wanda ke cikin damuwar bashi su ne ramin da ya fi saurin faɗawa.

Sai masu tallar magani a Facebook da WhatsApp, masu cewa kwalba ɗaya ta raba ka da taɓin hankali har abada, amma ka fara jefar da na asibiti. Duk wanda ya ce a daina maganin likita farat ɗaya, a guje shi. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, ana haɗa su. Manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira ma suna iya yi maka bayani, amma ba su san mai jinyarka ba, kuma suna kuskure. Kada a ƙara ko a rage magani da maganarsu.

Abu mafi ciwo shi ne ɗaukar bidiyon mutum lokacin da ciwo ya tashi, a watsa a zauren 'yan gari. Shi zai warke, bidiyon ba zai goge ba. Gobe da shi za a hana shi aure, da shi za a hana shi bashin kaya. Ɗan kasuwa jarinsa mutuncinsa ne. In likita ya nemi ganin halin da ake ciki, a tura masa shi kaɗai, sannan a share.

Lokacin da za a ajiye waya a tashi

Akwai inda kira ba ya isa. In mutum ya fara maganar kashe kansa, ko yana rabon kayansa kamar mai bankwana, ko ya daina ci da sha, ko yana neman cutar da wani, ko mai jego ta rikice tana cewa jaririn ba nata ba ne, to ba batun saƙon murya ba ne. Kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da wuƙa da igiya da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi, a kai shi asibiti mafi kusa a garin da yake, ba sai an jira motar gida ba. Ɗaure mutum da mari ko dukansa ba jinya ba ce.

Ga shugabannin zango da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, aikin ba shi da tsada. Kamar yadda kowace ƙungiya ke da lambar direba da ta wakilin kwastan, haka ya kamata ta san asibitin da ke duba masu lalurar ƙwaƙwalwa a garin, da ranar da likita ke zama, da wanda zai yi tafinta in mai jinya ba ya jin Faransanci ko Turanci.

Kai kuma mai karatu, in akwai ɗan'uwanka da ya taɓa wannan jinya kuma yanzu yana can wata ƙasa yana nema, kira shi a daren nan. Ka tambaye shi kasuwa, ka tambaye shi barci, sannan ka tambaye shi ƙwaya nawa suka rage a kwalin.